Zafin Nama Ko Ƙarfin Tuwo A Tamaular Samari

Da zarar an kai masara rumbu, an yanke dawa, auduga kuma ta fara tafiya wurin awo, sai filayen makarantu na Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi su turnuƙe da ƙura kowace la'asar. Lokacin gasar kofi ke nan ta samari, makaranta da makaranta, unguwa da unguwa, wani lokaci ma gari da gari, a kara gida da waje, wanda aka ka da ya koma ya jira baɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin irin wannan fili ya san gardamar da kan tashi bayan an busa tashi, ana kaɗe riguna za a tafi sallar magariba. Gardamar ba ta wuce ɗaya: shin yaro mai gudu da zafin nama ya fi amfani a fili, ko kuwa ƙato mai ƙirji wanda in ya sa kafaɗa sai an kauce?

Masu goyon bayan ƙarfi suna da hujja, ba kuwa hujjar banza ba ce. Su kan ce ku dubi kofunan da ke jere a ofishin hedimasta, ku tambayi waɗanda suka ciwo su. Su kan ce yaran cikin gari suna zuwa da yanka da ƙwalisa, su ba 'yan kallo sha'awa minti ashirin, amma da an yi musu bangaza biyu ko uku sai su fara ɗari-ɗari, kowa ya sami ƙwallo ya yi maza ya rabu da ita kamar garwashi. Masu goyon bayan gudu kuwa su ce ai ƙwallo a ke bugawa, ba mutum ba, ƙato kuma ba ya bangaje wanda bai kama ba. Haka za a yi ta yi har ladan ya raba.

Mun daɗe muna sauraron ɓangarorin nan biyu, a ganinmu kuwa dukansu suna magana ne kamar zancen manya a ke yi. Tsakanin manya, waɗanda ƙashinsu ya gama ƙosawa, ana iya ɗora gudu da ƙarfi a kan mizani a ce wannan ya rinjayi wancan. Amma tsakanin yara 'yan shekara 14 zuwa 17, abin da a ke kira ƙarfi galibi shekaru ne, ko ma watanni, da wani ya riga wani zuwa duniya. Mutum uku ke yanke wannan shari'a tun ba a shiga fili ba, kuma ba wanda zai taɓa ƙwallon a cikinsu: malamin da ya zaɓi 'yan wasa, da akawun da ya rubuta takardar shekaru, da alƙalin da ke riƙe da usur. Biyu daga cikin ukun nan su ne masu karanta wannan fili namu, shi ya sa muka ga ya dace mu tsaya a kan maganar.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ƙarfi ke cin kofi a wurarenmu, gama lalle yana ci. Filayenmu jar ƙasa ce da tsakuwa, in rani ya yi ta bushe ta zama kamar daɓe. Inda kuma a ke da laka, sawun shanun damina ya kan bar ramuka masu karkatar da ƙwallo. Yaron da ya dogara ga tura ƙwallo ƙasa-ƙasa da sauri, fili ne ke fara cin amanarsa tun abokin karawa bai iso ba. In aka ka da shi a kan tsakuwa, fatar cinya da ta gwiwa ta tafi, ba kuwa za ta warke kafin wasa na biyu ba, wanda sau da yawa kwana uku ne tsakani. Ga filaye da yawa an ci gefensu da gini ko shaguna, sun ƙuntata, mai gudu ba shi da sararin da zai zagaye mutum. Ga alƙalin wasa, shi kaɗai a tsakiyar taro, babu shinge, babu ɗan sanda, kuma a kan babur ɗinsa zai ratsa mutanen nan ya koma gida. Wa zai ga laifinsa in ya ga ƙeta ya kau da kai? Saboda haka a kan ga ƙungiya mai sauri ta ci wasan farko da ci biyu, ta je wasa na biyu tana ɗingishi, a fitar da ita.

Wannan gardama ba mu muka fara ta ba. Akwai ƙasar da ta fi kowa daɗewa a cikinta, watau Kanada, ko da ya ke ba a kan tamaula su ke yin tasu ba. Babban wasansu shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Mu da ba mu san ƙanƙara ba sai wadda kan zubo da ruwan sama ta kakkarya shuka, sai an yi mana bayani. Fili ne na ruwa da aka daskarar, an kewaye shi da katangar katako da gilashi. 'Yan wasa shida shida ne, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, suna sulɓi a kansu da gudun da ya fi na mai keke, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna masu lanƙwasa. Doka ta yarda mutum ya bangaje mai riƙe da faifan da kafaɗa ko kwankwaso, har ya matse shi da katanga. Filayen Kanada kuwa sun fi na Turai ƙunci da kamar ƙafa 13, saboda haka katangar tana kusa, wurin gocewa kaɗan ne. Samarinsu 'yan shekara 16 zuwa 20 suna da manyan ƙungiyoyi, kuma kofin da su ke nema, Kofin Memorial, tun 1919 a ke gasarsa. In an zo zagayen fitar da gwani a kowane yanki, ƙungiyoyi biyu su kan yi ta karawa har sau bakwai, wadda ta riga cin huɗu ita ta wuce. To, a nan ne maganarsu ta yi kama da tamu. Wanda zai sadu da mutum ɗaya sau bakwai cikin mako biyu ya san bangazar da ya yi masa ran Jumma'a za ta biya shi ran Talata. Don haka masu horarwa da yawa su kan tara manyan yara musamman saboda wannan lokaci, kuma a can ma mutane sun daɗe suna kukan cewa alƙalai kan sassauta doka in gasa ta zo ƙarshe.

A 1972 aka yi karon da har yau su ke zancensa. Gwanayen Kanada suka kara da na Tarayyar Sobiyet wasa takwas. Kanadawa sun shiga da tabbacin za su share baƙi, sai ga Rashawa, da gudu da miƙa wa juna faifai cikin sauri, sun ci su 7 da 3 a wasan farko a birnin Montiriyal. Daga bisani Kanada ta rinjaya, ta ci huɗu, aka ci ta uku, aka yi kunnen doki ɗaya. Amma a wasa na shida wani ɗan wasanta, Bobby Clarke, ya sari idon sawun gwanin Rashawa, Valeri Kharlamov, da sanda, bai ƙara moruwa ba har aka gama, kuma har yanzu akwai masu cewa ba don wannan sara ba da labari ya sha bamban. Waɗannan dai manya ne. Na samari kuwa ya zo ran 4 ga Janairu 1987, a garin Piestany na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Kanada na gaban Rashawa da ci 4 da 2, lambar yabo kuma ta riga ta tabbata a hannunta, sai rikici ya ɓarke, 'yan benci duka suka zubo fili, aka yi ta dambe kamar minti ashirin. Alƙalai suka rasa yadda za su yi suka fice, har aka kashe fitilun ɗakin ko yaran sa daina. Aka kori ƙasashen biyu daga gasar, Kanada ta koma gida hannu rabbana, Finlan ta ɗauki zinariya.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda Kanada ta yi da ƙananan yaranta daga baya. Masu bincike na Jami'ar Kalgari suka gwada yara 'yan shekara 11 da 12 na lardin Albata, inda aka yarda da bangaza, da takwarorinsu na lardin Kwibek, inda aka hana. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna yaran Albata sun fi samun rauni wajen ninki uku, har da bugun kai mai girgiza ƙwaƙwalwa. A 2013 hukumar wasan ta ƙasa ta soke bangaza ga yara masu waɗannan shekaru a duk faɗin ƙasar. An yi ta surutu, ana cewa za a mai da yara ragwaye, amma hukumar ba ta janye ba. Ƙasar da ta fi kowa alfahari da ƙarfi a wasa ta yarda akwai shekarun da ya kamata a bar yaro ya koyi gudu da sarrafa sanda tukuna, ba tare da yana waiwayen wanda zai maka shi da katanga ba.

A cikin wannan wasa ne kuma aka lura da wani abu da ya shafi kowane malamin wasanni a Malumfashi. A 1985 wani masanin Kanada, Roger Barnsley, da abokan aikinsa suka duba ranakun haihuwar samarin manyan ƙungiyoyi, suka tarar waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Maris sun ninka na Oktoba zuwa Disamba kusan sau huɗu. Ba wani asiri a cikin watan Janairu. Dalili shi ne daga ran 1 ga Janairu a ke raba azuzuwan wasa, saboda haka wanda aka haifa farkon shekara ya kan girmi ɗan ajinsu na ƙarshen shekara da wata goma sha ɗaya. Ya fi shi tsawo, ya fi shi nauyi, mai zaɓe ya gan shi ya ce gwani ne, a ba shi horo mafi kyau, a bar ɗayan. Wannan fa a ƙasar da kowace haihuwa ke rubuce, ba wanda ya yi ƙarya. In wata goma sha ɗaya na gaskiya ya isa ya karkatar da zaɓe haka, ina ga shekara uku ko huɗu da aka shafe da alƙalami?

Nan ne tilas mu dawo gida mu faɗi abin da ba mu so. Nijeriya ta ci kofin duniya na ƙananan samari sau biyar, ba ƙasar da ta kai ta: a 1985 a Sin, inda ta ci Jamus ta Yamma 2 da 0 a wasan ƙarshe, sa'an nan 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da 2015 a Cile. Abin alfahari ne, ba mu kuwa ce na jabu ne ba. Amma a 1989 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta dakatar da mu shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu sun saɓa wa abin da aka rubuta musu a gasannin baya, ta kuma karɓe gasar matasa ta 1991 wadda aka shirya za a yi a ƙasarmu. Da 2009 ta zo muka karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauci, sai FIFA ta kawo gwaji da na'urar hoton cikin jiki da a ke kira MRI. Wuyan hannu a ke ɗauka. Akwai wani guringuntsi a bakin ƙashin, wurin da ya ke ƙara tsawo, wanda ke rufewa in girma ya ƙare. In hoto ya nuna ya rufe ruf, to, kusan tabbas mai hannun ya wuce 17. Tun kafin a fara gasa aka sallami 15 daga cikin yaranmu. Masu karatu su lura da abin da ya biyo baya: waɗanda suka rage, da waɗanda aka cike gurbi da su, sai da suka kai wasan ƙarshe a Abuja, inda Suwizalan ta ci su da ƙwallo ɗaya tak. Ashe dā ma muna da yaran.

Amma darasin da ya fi kusa da mu, maƙwabtanmu na Nijar ne suka ba mu shi. A watan Agusta na 2016, muna riƙe da kofin duniya sau biyu a jere, aka haɗa mu da Nijar gida da waje a neman shiga gasar Afirka. Kwanaki kaɗan kafin wasan farko aka kai yaran sansani gwajin ƙashi, 26 daga cikin 60 suka faɗi, da yawansu kuwa su ne aka shirya za su fara wasa. Mai horarwa, Manu Garba, ya tattara waɗanda suka rage, aka ci Nijar 1 da 0 a Abuja. Da aka je Yamai bayan mako biyu aka ci mu 3 da 1, aka fitar da zakarun duniya tun ba a je ko'ina ba. Nijar kuwa ta wuce, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Gabon a 2017, ta je gasar duniya a Indiya karon farko a tarihinta. Ba mu ce kowane ɗaya cikin 26 ɗin nan maƙaryaci ne ba, gama ƙashi na'ura ke karantawa, kuma akwai yaron da ƙashinsa kan rufe da wuri. Amma kayan aro ba ya rufe katara. An ɗauki lokaci ana gina ƙungiya a kan jikin da ba za a bari ya shiga fili ba, su kuwa ƙananan da doka ta yarda da su suna zaune a benci suna kallo, sai ranar tafiya aka ce su tashi. Daga nan ba mu je gasar duniya ta 2017 ba, Holan ta fitar da mu 3 da 1 a zagaye na biyu a 2019, ba mu je ta 2023 ba, ba mu kuma je ta 2025 ba, ko da ya ke an faɗaɗa ta har zuwa ƙasashe 48.

Kada kuwa wani ya ce gaskiya ce ta kashe mu. Shi dai wannan Manu Garba shi ya kai yaran 2013, a zamanin da gwajin ƙashi ya riga ya kafu, kuma da gudu da miƙa ƙwallo ƙafa zuwa ƙafa suka ɗauko kofi. Suka zuba ƙwallo 26 a wasa 7, suka ci Meziko 6 da 1 a wasan farko, suka sake cin ta 3 da 0 a na ƙarshe. Ko a wurin manya, ranar da mutanen Arewa ba za su manta ba ita ce 22 ga Yuni 2018, a birnin Bolgogirad na Rasha. Mutanen Aisilan ƙatti ne dogaye, sun yi suna wajen ƙwallon sama da tsare gida, har sun riƙe Ajantina 1 da 1 kwana shida kafin nan. Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, wanda kuma waɗansunsu suka fi shi tsawo da taƙi guda, shi ya ci su biyu. Ta biyun ma daga gefen hagu ya ɗauko ta, ya bar mai tsaronsa a baya da gudu, ya kewaye mai tsaron gida, ya gyara tsayuwa, ya buga. Amma a dubi abin da ya ba shi dama: fili mai faɗi, ciyawa kamar darduma, da alƙalin da mai tsaron baya ya san in ya sa ƙafa zai ga kati. Yaro mai irin wannan gudu, ɗan shekara 14, a filin tsakuwa, gaban alƙali mai tsoron jifa, mai yiwuwa ne tun wasa na biyu ya haƙura da ƙwallo.

Akwai wani abu na ƙasarmu ta noma da ya kamata a yi wa adalci. Ba kowane ƙaton yaro ne ya ci shekaru ba. Yaron da ya tashi yana riƙe garmar shanu tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ya yi huɗa, ya yi noma da maimai, da kaka ya yi dakon buhunan masara a kasuwar Ɗandume ko Bakori, dole kafaɗarsa ta fi ta ɗan akawu da ya tashi cikin gari. Wannan ƙarfi halalinsa ne, ba wanda zai hana shi amfani da shi cikin doka. A ɗaya gefen kuma, yara da yawa a karkara ba su sami isasshen abinci ba tun suna goye, suka tsumbure, har ɗan shekara 19 ya kan yi kama da ɗan 15. Saboda haka ido ba shaida ba ne, ta kowace fuska. Ga kuma yaran da suka yi shekaru a makarantar allo kafin a sa su boko, da waɗanda karatunsu ya tsaya sa'ad da aka rufe makarantun kwana bayan sace 'yan makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare sai ka sami ɗan 13 da mai gemu, ba kuwa wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Gasar da aka ce ta 'yan aji kaza ce, aka ƙyale maganar shekaru, ta riga ta ba ƙato kofi tun ba a buga ba.

To, ga akawu. Rage wa yaro shekara ba ƙwallo ce ta kawo shi ba. Dattawa sun tuna zamanin En'e, da uba kan rantse ɗansa bai isa haraji ba alhali ga gashin baki ya fara tsiro, kuma har aka soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 ana wannan wasan ɓuya. Haraji ya tafi, hali ya zauna. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar kowace haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami 43 ne kawai cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, karkara kuwa ta fi birni baya ƙwarai. Wanda ba shi da takarda sai ya tafi kotu ya yi rantsuwa, a ba shi takardar shekaru da ranar da bakinsa ya faɗa. Mun san yadda abin ke zuwa teburin ma'aikaci. Uban yaron maƙwabci ne, ko kuwa mai ƙungiya ne ya yi alkawarin kai shi gwaji Kaduna ko Legas, ana cewa a taimaka, shekara biyu ce kawai. Ma'aikaci ya ga taimako ya yi. Bai ga ɗayan yaron ba, na gaskiya, wanda aka cire sunansa don a sa wannan, gama shi ba ya zuwa ofis ya yi kuka. Shi ma wanda aka taimaka ɗin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya yi sa'a ya kai sansanin ƙasa na'ura na jiransa, a sallamo shi bayan iyaye sun sayar da shanun noma sun yi masa guzuri.

Malamin makaranta kuwa nasa ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. A hannunsa akwai shaidar da ta fi ta kotu ƙarfi, watau littafin shiga makaranta, inda aka rubuta sunan yaro da shekarar da ya shiga aji ɗaya na firamare tun ba wanda ya san zai taɓa ƙwallo. Wannan littafi ba lalle ya faɗi ranar haihuwa daidai ba, amma yana hana ƙarya ta yi nisa, don wanda ya shiga aji ɗaya shekara goma sha huɗu da suka wuce ba ɗan 15 ba ne. Mun san abin da ke kan malamin wasanni. Shugaban makaranta na son kofi bana, tsofaffin ɗalibai sun sayo riguna, gari ya zuba ido. Ya san in ya jera manya zai ci, in kuwa ya sa ɗan siririn nan mai ƙafar hagu za a bangaje shi a yi masa dariya. Amma ƙarfi yana zuwa da kansa, tuwo da shekaru za su kawo shi, ana ma iya ƙara shi ko mutum ya kai ashirin. Iya taɓa ƙwallo, da ɗaga kai a ga fili kafin ta iso, da juyawa cikin taku ɗaya, su ne icen da a kan tanƙwara tun yana ɗanye. Ƙaton da ya saba cin wasa da kafaɗa ba abin da zai tilasta masa koyon waɗannan, sai ranar da tsaransa suka cim masa a girma ya waiwaya ya ga ba shi da komai a ƙafa. Ta haka malami kan yi hasarar yara biyu, ƙaramin da ya kora da babban da ya dogara gare shi, a kan kofi ɗaya.

Kakanninmu kuwa sun riga sun warware wannan a dandali. A fagen kokawa na bayan kaka da ƙananan yara a ke buɗewa, sa'a da sa'a, har a kai ga manya, kuma in ƙato ya fito wa yaro 'yan kallo ne da kansu za su yi masa ihu ya koma. A langa kuwa kowane ɓangare na zaɓen ruwa, kuma mai sauri da iya gocewa a ke ba wannan matsayi. Ƙarfafan aikinsu su share masa hanya, su tare masu neman ka da shi, har ya kai wurin sha. Ƙungiyar tamaula mai hankali haka ta ke, ɗan garma a tsakiyar baya, mai zafin nama a gefe, muddin dai dukansu tsara ne.

Abin da mu ke roƙon masu shirya gasa a ƙananan hukumomin wannan yanki bai fi ƙarfinsu ba. Kafin a jefa ƙuri'ar haɗa ƙungiyoyi, kowace ta kawo sunayen yaranta tare da shaidar littafin shiga firamare, da sa hannun hedimastan da ke riƙe da littafin, a manna a allon sanarwa mako guda kowa ya gani, gama a ƙauye ba a ɓoye shekarun yaro ga matan da suka je sunansa. Alƙalin zagayen ƙarshe a ɗauko shi daga wani gari, a biya shi kafin wasa, a raka shi har bakin hanya bayan an tashi. Alƙalin da ba ya tsoron komawa gida shi ke iya fitar da kati a minti na biyar, katin minti na biyar kuwa shi ke sa ƙato ya koma neman ƙwallo ya bar ƙafar mutane. A bar aƙalla mako guda tsakanin wasan gida da na waje, don mai rauni ya sami warkewa. Inda takarda ta gagara sam, akwai dabarar mutanen Niyu Zilan, waɗanda a wasansu na zari-ruga su kan raba waɗansu gasannin yara bisa ga nauyin jiki, don kada a haɗa ɗan kilo 40 da ɗan kilo 70 a ce tsara ne. Sikeli ba sai an saya ba. Akwai shi a rumfunan masu sayen auduga da waken soya daga Funtuwa har Malumfashi, kuma mai rumfar, in an bincika, ɗansa na cikin masu son a sa su a wasan.